Amurka: An hana giya a gidan ƴan mata, sai ta jira su a gidan samari

A manyan jami'o'in Amurka akwai ƙungiyoyin ɗalibai mata da ake kira sororiti. Kowace na da sunanta na haruffan Girka, da yawa suna da gidan kwana, kuma yarinya ba ta shiga sai waɗanda suka riga ta sun zaɓe ta. Guda 26 daga cikinsu na ƙarƙashin uwar ƙungiya ɗaya da aka kafa a 1902, wadda ta hana ajiye barasa a gidajen. Haka kuma dokar tarayya ta 1984 ta sa jihohi suka tsaida shekara 21 kafin a sayar wa mutum da giya, alhali galibin ɗalibai na shiga jami'a da shekara 18.

To, in haka ne, me ya sa binciken jami'ar Harvard na 1993 ya gano kashi 80 cikin 100 na ƴan matan da ke kwana a waɗannan gidaje suna shan wuce kima, wato kofi 4 ko fiye a zama guda, yayin da a tsakanin ɗalibai baki ɗaya adadin ya tsaya kashi 44?

A ganinmu, hanin ya sauya wa giyar mazauni ne kawai. Tun da ba a biki da barasa a gidan mata, sai a tafi gidajen ƙungiyoyin samari, inda su ke riƙe da ƙofa, su ke zuba abin sha. Sabuwar shiga kuma na tsoron a ce ba ta waye ba, sai ta bi sahun yayyenta. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A 2004 an tsinci gawar wata ɗaliba mai shekara 19 a wani gidan samari na jami'ar jihar Colorado. Barasa ce ta kashe ta.

Hukumomi sun ɗan motsa. Daga 2019 babbar uwar ƙungiyar samarin ta hana barasa mai ƙarfi a gidajenta, kuma a Disamban 2024 shugaba Biden ya sa hannu kan dokar da ta tilasta wa jami'o'i bayyana cin zarafin sababbin shiga. Amma muddin karɓuwa cikin ƙawaye na bi ta bakin kwalba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Iyayen da ke shirin tura ɗiyarsu can bayan bakaloreya, kada tambayarku ta tsaya kan kuɗin makaranta. Ku tambayi da wa za ta zauna.