Kafin A Yi Odar Takalmin Zamiyar Ƙanƙara Ta Waya, A Fara Kai Ƙafar Wurin Gwani

Matashin da ya saba sayen waya ta intanet yana da hanyarsa, kuma ba ta cika ba shi kunya ba. Zai duba girman ma'adana da ƙarfin batir da ingancin kyamara, ya kalli sharhi biyu ko uku a YouTube, ya kwatanta farashi, sannan ya danna oda. Wayar da ta iso Kano irinta ce ta isa Istanbul, kuma hannun kowa zai iya riƙe ta. Wannan sabon ne yake jawo wa mutane asara idan suka zo sayen takalmin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Shi ma kayan fasaha ne mai lambobi a jikin kwali, amma lambobin ba sa faɗin yadda zai zauna a ƙafar wanda zai sa shi.

Maganar ba ta yi nisa da matasan Hausawa kamar yadda ake zato ba. Ɗaliban da ke karatu a Turkiyya suna kusa da tsaunin Uludağ a Bursa da na Erciyes a Kayseri, na Kanada da Jamus kuma hunturu yana iske su har gida. Masu zuwa Dubai sun san Ski Dubai da aka buɗe a 2005 cikin Mall of the Emirates, ga kuma Ski Egypt a Masar tun 2017. Wanda ya gwada wasan ya ji yana son ci gaba, shawarar farko da masu koyarwa kan ba shi ita ce ya mallaki takalminsa tun kafin ya yi tunanin allon zamiya. Shawarar daidai ce, amma da sharaɗi: ya je shagon da ke da gwanin daidaita takalmi, ya zauna masa awa ɗaya ko biyu, ko da farashin ya ɗara na intanet.

Sitiyari ne, ba takalmin yawo ba

Takalmin zamiya kashi biyu ne. Akwai ɓawon waje na roba mai tauri da ya kai tsakiyar ƙwauri, akwai kuma shafin ciki mai soso da ake iya zare shi gaba ɗaya. A da da fata ake yin sa, ita kuwa fata tana bin ƙafa a hankali, kamar takalmin baduku da ke ƙara daɗi idan ya kwana biyu. A shekarun 1960 Ba'amurke Bob Lange ya fito da na roba, daga nan kowa ya bi. Roba ta fi fata isar da motsin ƙafa zuwa allo, sai dai ba ta sassautawa da kanta. Inda ta matsa yau, nan za ta matsa baɗi, kuma sanyi yana ƙara mata tauri.

Da wannan takalmin ake juya allon. Idan mai zamiya ya danna ƙwaurinsa gaba ko ya karkata idon sawu, ɓawon ne ke kai umarnin ƙasa. Idan akwai sarari a ciki, ƙafa za ta fara yawo kafin allo ya amsa. Duk wanda ya taɓa buga PUBG da netwok mai jinkiri ya san wannan yanayin: yatsa ya danna, amma abin bai faru ba sai bayan an makara. Bambancin kawai shi ne a kan tsauni jikin mutum ne zai sha ƙasa.

Lambobi uku da ke ruɗar mai saye

Lamba ta farko ita ce tsawo. Ba a amfani da 42 ko 43 irin na takalmin kasuwa, ana bin ma'aunin Mondopoint, wato tsawon ƙafa a santimita. Mai ƙafar santimita 26.5 zai nemi 26.5. Amma a yawancin kamfanoni ɓawon 26 da na 26.5 ɗaya ne, bambancin yana cikin shafi ko shimfiɗar ciki kawai. Wanda ya ƙara lamba ɗaya don kada ya matse shi, ya ƙara santimita guda ke nan cur.

Ta biyu ita ce faɗin gaban takalmi a milimita: wajen 98 matsattse ne, 100 matsakaici, 102 zuwa 104 mai faɗi. Wannan adadin ana auna shi ne a kan girma ɗaya, galibi 26.5, don haka takalmin da aka rubuta wa 100 ya fi haka faɗi a girma 29. Kuma faɗin gaba bai ce komai ba game da tudun doron ƙafa, ko siririn diddige, ko kaurin sha-raɓa. Ƙafar da ta girma cikin silifas ba tare da yawan matsuwa a rufaffen takalmi ba takan baje a gaba, ta yadda mai ita zai iya buƙatar faɗi a yatsu da matsi a diddige a lokaci guda. Babu akwatin zaɓi na wannan a shafin oda.

Ta uku ita ce taurin lanƙwasa, da ake rubutawa daga wajen 60 zuwa 130. Nan ne sabon sayen waya ya fi cutarwa, domin mai saye yana ganin babbar lamba ita ce babbar daraja. Takalmi mai 130 na ƙwararru ne da masu nauyin jiki. Sabon shiga marar nauyi ba zai iya lanƙwasa shi ba, sai ya koma yana jingina baya, wanda shi ne tsayuwar da ta fi kayar da mutum. Ga shi kuma babu wata ƙa'ida ta bai ɗaya da ta tsara lambar: 110 na wannan kamfani ba lallai ya zo daidai da 110 na wancan ba.

Kuskuren da ya fi yawa

Wanda ya zaɓa da kansa yakan ɗauki wanda ya yi masa yawa, domin shi ne mai daɗi a ɗaki mai ɗumi. Bayan kwanaki kaɗan na wasa soson shafin yana kwantawa, sararin ya ƙaru. Diddige ya riƙa ɗagawa, ƙafa ta riƙa zamewa gaba tana bugun ɓawo har farcen babban yatsa ya yi baƙi. Don ya hana wannan, sai mai takalmin ya ƙara tamke maɗaurai, su kuma su danne jijiyoyin jini a doron ƙafa. Ƙafa ta yi sanyi, ta sage. Daga nan sai ya koma intanet ya yi odar safa mai batir da ake sarrafa zafinta da manhaja ta Bluetooth. Safar tana aiki, amma kuɗi ne aka kashe a kan alamar ciwo, tushensa yana nan.

Abin da gwani ke yi

Gwani yana farawa da ƙafa tsirara. Ƙafar mutum tana da ƙasusuwa 26, tana bajewa idan nauyi ya hau kanta, kuma ta dama da ta hagu ba su cika zuwa daidai ba. Don haka yana auna duka biyun, a zaune da a tsaye. Yana duba iya lanƙwasuwar idon sawu, ya tambayi tsohon targaɗe ko karaya, ya tambayi matakin da mutum ya kai a wasan.

Sannan ya zare shafin, ya sa ƙafa cikin ɓawo zalla har yatsu su taɓa gaba, ya duba abin da ya rage a bayan diddige. Ga mai wasan nishaɗi ana son santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Abin da ya wuce haka ya yi yawa, ko da mai shi yana rantsuwar ya yi masa daidai. Idan an mayar da shafi an ɗaure, yatsu za su riƙa shafar gaba a tsaye, su ja baya kaɗan idan an lanƙwasa gwiwa. Sabon shiga yakan tsorata da wannan matsin, gwani ne zai bambance masa matsin da zai saki da wanda ba zai taɓa saki ba.

Bayan zaɓi sai gyara. Ana ɗumama shafi ya ɗauki siffar ƙafa. Inda ƙashi ya turo, ana gasa robar wurin a tura ta waje da 'yan milimita, ko a kankare ta daga ciki. Ana yin shimfiɗar tafin ƙafa ta musamman don ƙafa ta daina bajewa. Ana daidaita wuyan takalmin da yadda ƙwaurin mutum ya miƙe ko ya karkata. Wasu kamfanoni sun ƙera ɓawonsu don wannan aikin: Atomic na da Memory Fit, Salomon na da Custom Shell, Fischer kuma na da Vacuum, inda ake gasa ɓawon a tanda, a sa ƙafa, iska ta matsa shi daga waje har ya huce. Mai oda ta waya yana biyan kuɗin wannan fasahar, amma tandar da injin suna shago.

To, sikanin ƙafa fa?

Masu son na'ura za su ce zamani ya wuce wannan. Fischer na da manhajar Scan-Fit mai auna ƙafa da kyamarar waya, kamfanin Volumental na Suwidin kuma yana ƙera na'urar da ke zana siffar ƙafa ta kowace fuska cikin daƙiƙoƙi. Hujjarsu tana da ƙarfi ta wani ɓangare. Sikanin ya fi zato daidai, yana rage takalma ashirin su koma uku, kuma gwanaye da yawa da shi suke fara aiki. Iyakarsa ita ce siffa yake gani. Bai san wurin da ke yi wa mutum zugi bayan minti ashirin a ɗaure ba, kuma ko ya sani ba shi da hannun da zai gyara. Jiki magayi, kuma sai an samu mai sauraron abin da ya faɗa.

Haka batun BOA, ɗan maɓallin murɗawa mai jan waya da ya maye gurbin maɗauran ƙasa a wasu takalman Atomic da Fischer da K2 da Salomon tun 2023. Yana rarraba matsi fiye da maɗauri, amma ba ya rage girman ɓawon da ya yi yawa. Ita ma na'urar Carv, da ake maƙalawa a takalmi tana aika bayanai zuwa waya tana koyarwa ta abin sauraro, motsin takalmi take karantawa. Idan ƙafa tana yawo a ciki, makin da manhajar ta bayar ba na ƙafar ba ne gaba ɗaya.

Maganar gwiwa

Akwai abin da ya fi jin daɗi nauyi. Takalmin yana shiga cikin mariƙin da ke kan allo, wanda aikinsa shi ne ya saki ƙafa idan an faɗi, kafin ƙwauri ya karye ko gwiwa ta murɗe. Ana saita ƙarfin sakinsa ne bisa nauyin mutum, tsayinsa, shekarunsa, salon wasansa da tsawon ƙasan takalmi, wanda ake rubutawa a milimita kusa da diddige. Ƙasan ma iri-iri ne: akwai na gargajiya mai ƙa'idar ISO 5355, akwai GripWalk mai sauƙin tafiya, kuma ba kowane mariƙi ne ke karɓar GripWalk ba. Wanda ya haɗa sabon takalmi da tsohon allo a ɗakinsa bayan kallon bidiyo, yana iya samun mariƙin da zai saki ana tsaka da gudu, ko ya ƙi saki lokacin da ake buƙata.

Wa ya kamata ya saya?

Ba kowa ba. Mai shiga Ski Dubai na awa biyu don hoto da nishaɗi, haya ta ishe shi. Abin da zai kula da shi kaɗan ne: ya san tsawon ƙafarsa a santimita, ya sa siririyar safa guda ɗaya tak, kada ya cusa ƙafar wando cikin takalmi, kuma ya mayar a canza masa idan diddige yana ɗagawa. Magana ta koma kan wanda zai yi kwanaki yana wasa duk hunturu. Takalmi mai kyau ɗaruruwan daloli ne, kuma yana yin shekaru. Ragin da aka samu a intanet yana tashi a banza ranar da aka gane ɓawon ya yi yawa, domin ana iya faɗaɗa matsattse, amma mai yawa sai dai a yi ta cusa masa soso. Araha ba ta ado.

Gaskiya ne shi ma gwanin ɗan kasuwa ne, kuma ba duk mai tsayuwa a shago ne gwani ba. Gane na kirki ba wuya. Zai sa a cire safa kafin ya ambaci sunan kamfani, zai zare shafi ya duba sarari, zai bar mutum ya tsaya cikin takalmin na tsawon lokaci, kuma zai ce a dawo bayan kwana biyu ko uku a kan ƙanƙara don a ƙara gyara. Wanda ya tambayi lambar takalmin kasuwa kawai ya nufi kanta, a gode masa a nemi wani shagon. Wayar kuwa tana da aikinta a wannan tafiyar: a nemo shagon da ita, a karanta abin da waɗanda suka je suka ce, a kama lokacin ganawa, sannan a mayar da ita aljihu a miƙa ƙafa.