Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin WWE

Zuwa ga Paul Levesque (Triple H) da masu tsara labaran WWE,

Na kawo muku kukan masu kallon resilin.

Wajen shekarar 2000, fiye da mutum miliyan 5 ke kallon shirinku na Raw a talabijin a Amurka. Kafin ku mayar da shi Netflix a Janairun 2025, adadin bai kai miliyan 2 ba. Wasu na cewa waya da intanet ne suka janye mutane. Da gaskiyarsu, amma kar ku fake da guzuma.

Ga misali: a Maris ɗin 2025 John Cena ya juya wa Cody Rhodes baya, The Rock na tsaye kusa da shi. Muka yi makonni muna musu. Ranar WrestleMania 41 kuwa, ko ƙeyar The Rock ba mu gani ba, sai mawaƙi Travis Scott aka turo ya dagula wasan Cena da Cody. Mun san shiri ne, amma mai shiri ma akwai haƙƙin masu kallo a wuyansa.

Muna roƙonku: labarin da kuka fara, ku kai shi ƙarshe. Ku rage surutu da tallace-tallace, a yi kokawa. Matasa irin su Bron Breakker kuma a ba su manyan wasanni.

Huta lafiya,
Wani mai kallo daga Kano