Ƙwallon Kwandon Jami'o'in Amurka: Ana Danne Ƙananan Makarantu

Kowace shekara, da watan Fabrairu ya kama, sai masu hasashe a ƙasar Amurka su duƙufa kan tambaya guda, watau waɗanne jami'o'i ne za su sami shiga babbar gasar ƙwallon kwando ta NCAA wadda ake farawa a watan Maris. Wani ma'aikacin gidan talabijin na ESPN mai suna Joe Lunardi har ya mai da abin sana'a. To, duk saurayin da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan yana bin wannan hasashe ta waya, balle mai tunanin sa kuɗinsa a kai, ya kamata ya san yadda ake rabon gurabun.

An fara gasar a 1939 da ƙungiyoyi 8, aka mai da su 64 a 1985, sa'an nan 68 a 2011. A shekarar 2025 ƙungiyoyi 31 ne suka shiga da ƙarfinsu, domin kowace ta ci kofin rukuninta. Sauran 37 kuwa wani kwamiti ne na mutum 12 ya zauna a ɗaki ya zaɓe su, aka yi shelar sunayen ran Lahadi. Ashe ke nan aikin mai hasashe shi ne karanta zuciyar mutum 12, kuma zuciyar nan ta karkata wajen manya.

Tun 2018 kwamitin yake duba wani ma'auni da ake kira NET, yana kuma ba da nauyi ga ƙarfin abokan karawar da ƙungiya ta doke. A takarda abin ya yi kama da adalci. Amma fa manyan jami'o'i suna cikin rukuni ɗaya, suna karawa da juna mako mako, wanda ya faɗi a hannun babba ba a ganin laifinsa, wanda ya ci kuwa sai a ɗaga shi sama. Ƙaramar makaranta ba ta da wannan dama, gama manyan ba kasafai suke yarda su je gidanta su yi wasa ba, don tsoron kunya.

A dubi abin da ya sami Indiana State, makarantar da Larry Bird ya kai wasan ƙarshe a 1979. A 2024 ta ci wasa 28, ta faɗi 6, ta zo ta ɗaya a rukuninta, amma da Drake ta doke ta a wasan kofi sai aka bar ta a waje. Shekara guda bayan haka aka ɗauki Texas wadda ta ci 19 ta faɗi 15, cikin rukuninta ma wasa 6 kaɗai ta ci daga 18. Rukunin nan nata, SEC, ya sami gurbi 14 alhali ƙungiyoyinsa duka 16 ne. Ruwa ba ya tsami banza: kowane wasa da ƙungiya ta buga a gasar yakan jawo wa rukuninta wajen dala miliyan 2 cikin shekara 6, kuma da kuɗin nan ne manyan ke ƙara yi wa ƙanana nisa.

Su kansu masu hasashen kwamiti yakan ba su kunya. A 2025 kusan dukkansu sun sa West Virginia, amma aka tsallake ta aka ɗauki North Carolina, ga shi kuwa shugaban kwamitin a lokacin shi ne darektan wasanni na North Carolina ɗin. An ce ya fita daga ɗakin sa'ad da ake maganar makarantarsa. Duk da haka sai da gwamnan jihar West Virginia ya fito ya nemi a yi bincike.

Mutanen Legas sun san cewa lissafin takarda ba ya jefa ƙwallo a kwando. A 1983 ɗansu Hakeem Olajuwon yana jami'ar Houston, kowa ya ba su kofi tun kafin a shiga fili, amma North Carolina State, wadda ta faɗi wasa 10 a shekarar kuma sai da ta ci kofin rukuninta kafin ta tabbatar da gurbi, ta doke su 54 da 52. A 2011 kuma masana sun yi ta surutu don an ɗauki ƙaramar ƙungiyar nan VCU, sai ga ta cikin huɗun ƙarshe.

Abin da ya cancanta shi ne duk ƙungiyar da ta zo ta ɗaya a rukuninta bayan wata huɗu ana fafatawa, kuma ma'aunin NET ya sa ta cikin na gaba, a ba ta gurbi ko da ta yi tuntuɓe a wasan kofi. Wadda kuma ta kasa cin rabin wasannin rukuninta ta zauna a gida, kome girman sunanta. Da an bi wannan ƙa'ida, da Indiana State ta shiga a 2024, Texas kuwa ta yi kallo a talabijin a 2025.