Likita Ya Zo, Ko Likita Ta Zo?

Kwanan baya wani sabon ma'aikaci a biron mu ya ba na'ura mai ƙwaƙwalwa wata sanarwar ɗaukar aiki domin ta juya ta daga Faransanci zuwa Hausa. Ko'ina takardar ta ambaci likita ko injiniya, na'urar ta rubuta "ya". Inda ta ambaci sakatare, ta rubuta "ta". Da ba mu duba ba, da haka za a karanta ta a rediyo, yarinya mai ilimi a Tasawa ko Madawa ta ji, ta ɗauka ba da ita a ke ba.

Wasu na cewa sunan aiki alama ne, tun da maza sun fi yawa a wasu ayyukan. Ni ban yarda ba. Yawa ba shaida ba ne a kan mutum guda. Malam da malama, ma'aikaci da ma'aikaciya, waɗannan sun faɗi jinsi da bakinsu. Amma likita, minista, direba da soja ba su faɗi kome ba sai aikin.

Faransanci ma ba abin dogaro ba ne a nan. An daɗe ana rubuta "Madame le Ministre", kuma sai a 2019 Majalisar Harshen Faransanci ta amince da ba sunayen ayyuka siffar mata. Aishatu Mindawdu ta riƙe ma'aikatar harkokin waje ta Nijar daga 2001 zuwa 2010; na'urar da ta ga "le ministre" a takardun lokacin ta ce "ya", ta yi ƙarya. Zabarmanci kuwa "a" guda ya ke da ita ga mace da namiji, alhali Hausa ba ta barin ka wuce sai ka zaɓi "ya" ko "ta".

Na'ura ba ta san kowa ba. Tarin rubutun da aka ciyar da ita ta ke bi, abin da ya fi yawa a ciki shi ta ke maimaitawa. Kamfanin Google, wanda ya sa Hausa cikin fassararsa a 2013, ya fara ba da fassara biyu, ta mace da ta namiji, ga wasu harsuna a 2018. Hanyar ke nan.

Shawarata ita ce: in akwai shaida cikin takarda, kamar Hajiya ko Alhaji, a bi ta. In babu, na'ura ta kawo duka biyun, ko ta yi amfani da "an" da "masu", waɗanda ba su ware kowa ba. Mu kuma mafassara, mu tambaya kafin mu sa hannu. Matambayi ba ya ɓata.