Me Rami Zai Bar wa 'Ya'yanmu? Arlit Tsakanin Darasin Silabawa da na Peru

Ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin COMINAK ya daina haƙar uraniyom a ramin Akouta, bayan shekara 43 yana aiki. Ma'aikata fiye da 600 suka rasa abin yi, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila. Duk wanda ya san Akokan ya san albashin mutum ɗaya a can ba gida ɗaya yake riƙewa ba. Tela yana ci, mahauci yana ci, mai kabu-kabu yana ci, dangi a Tawa da Maraɗi da Damagaram suna jiran aike. Idan irin wannan albashi ya tsaya, malamin makaranta yana cikin waɗanda suke fara gani: yau yaro ba littafi, gobe an mayar da shi ƙauye, jibi a ji yayansa ya bi motar masu neman zinariya.

Kowane rami yana da ranar ƙarewa. SOMAIR da ta fara fitar da uraniyom a 1971 ita ma tata ranar tana tafe, ko a hannun wa take. Saboda haka ya kamata iyaye da malamai su riƙa auna arzikin Arlit da abin da zai rage ran da aka kashe injin ƙarshe. Akwai waɗanda suka riga mu bin wannan hanya, kuma biyu daga cikinsu sun isa a tsaya a duba: Silabawa, wato al'ummomin gabashin Turai masu harsuna 'yan'uwan juna irin su Rashawa da 'yan Polan da Cek da Yukren, sai kuma mutanen garuruwan ma'adinai na ƙasar Peru a Kudancin Amurka.

A lissafi, tazarar a fili take. Idan aka raba abin da ƙasa take samarwa a shekara bisa yawan jama'arta, mutumin Jamhuriyar Cek yana tashi da fiye da dala 25,000, na Peru kusan dala 8,000, namu na Nijar bai kai dala 1,000 ba. Amma wannan lissafi na ƙasa ne baki ɗaya, yana ɓoye halin da garin da ke bakin rami yake ciki. Peru tana cikin ƙasashe uku da suka fi fitar da tagulla a duniya, tana kuma sahun gaba a azurfa, amma wasu garuruwan da ake haƙo su ba su da ruwan sha mai kyau. To me ya bambanta garin da ya rayu bayan rami da wanda ya mutu tare da shi?

Amsar da aka fi ji a majalisa ita ce, ai waɗancan Turawa ne. Wannan amsa ba ta da tushe. Garin Vorkuta da ke arewacin Rasha garin kwal ne, Silabawa ne mafi yawan mazaunansa. A 1989 mutanensa sun haura 100,000, yau ba su kai 60,000 ba, unguwanni sukutum sun zama kufai bayan an rufe yawancin ramukan. A Walbrzych ta Polan, da aka rufe ramukan kwal a shekarun 1990, rashin aiki ya yi ƙamari har magidanta suka koma tona ƙananan ramuka da hannu suna sayar da kwal a buhu, ƙasa tana rufta wa wasu. Wanda ya ga yadda samarinmu suka kwarara Djado da Tchibarakaten tun da aka gano zinariya a 2014 zai gane wannan hoto. Yunwa ba ta tambayar launin fata, kuma Bature ma idan garinsa ya dogara da rami ɗaya, tare suke faɗuwa.

Amsa ta biyu ita ce wadda ta fi tashe a wajenmu yanzu: matsalar mai rami ce, idan ya dawo hannun ƙasa komai zai gyaru. A watan Yunin 2025 gwamnati ta sanar da mayar da SOMAIR mallakin ƙasa, shekara guda bayan ta janye lasisin Imouraren daga hannun Orano. Ƙorafin da ya kai ga haka tsoho ne, kuma yana da hujja: fiye da shekara 50 ana ɗibar uraniyom, hanyar Tawa zuwa Arlit da aka gina dominsa ta lalace, gidaje da yawa a wajen unguwannin kamfani ba wuta ba famfo. Sai dai Peru ta riga mu ɗanɗana wannan. Garin Cerro de Pasco, da ke kan tsaunuka sama da mita 4,300, wani kamfanin Amurka ne ya riƙe ma'adinansa tun farkon ƙarni na 20. A 1974 gwamnatin soja ta Janar Velasco ta karɓe shi ta kafa kamfanin ƙasa mai suna Centromin. Tuta ta canza, amma wawakeken ramin da aka fara tonawa a tsakiyar gari a 1956 ya ci gaba da cinye unguwanni, gubar dalma ta ci gaba da shiga jinin yara. A ƙarshen shekarun 1990 aka sake sayar da shi ga 'yan kasuwa. A 2008 majalisa ta yi dokar ɗauke garin zuwa wani wuri, har yau yana nan inda yake. Karɓar rami yana iya zama daidai, amma shi kaɗai ba ya gina aji, ba ya tace rijiya.

Amsa ta uku ita ce kason da ake ba mu ya yi kaɗan. Dokar ma'adinai ta Nijar ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa take samu daga ma'adinai domin gundumomin jihar da ake haƙar, kuma masu riƙe da gundumomin sun sha kokawa cewa kuɗin ba ya zuwa a kan kari. A Peru kason ya fi namu nesa ba kusa ba: rabin harajin riba da kamfanonin ma'adinai suke biya yana komawa yankunan da aka yi haƙar, har jami'o'in gwamnati na yankin suna da nasu rabo. Duk da haka sakamakon bai zama ɗaya ba. Yankin Ancash, inda babban ramin Antamina yake, yana cikin waɗanda suka fi samun wannan kuɗi, amma gwamnansa aka kama a 2014, daga baya kotu ta ɗaure shi kan cin hanci. Yankunan Moquegua da Tacna kuwa, masu ramukan tagulla na Cuajone da Toquepala, sun yi shekaru suna kan gaba a jarrabawar da ƙasar take yi wa 'yan firamare a karatu da lissafi. Doka ɗaya, kuɗi iri ɗaya. A wani wuri ya tafi ga gine-ginen nuna isa da aljihun manya, a wani wuri an sa wani kaso a azuzuwa da kayan aiki da horar da malamai, kuma aka ɗore a kai ko da shugabanni sun canza.

Nan ne darasin Silabawan da suka tsira yake shigowa. A 1849 aka kafa makarantar koyon haƙar ma'adinai a garin Pribram na ƙasar Cek, a 1945 aka mayar da ita Ostrava, garin kwal da ƙarfe. Da aka fitar da kwal na ƙarshe daga ramukan cikin Ostrava a 1994, makarantar ba ta bi rami kabari ba, domin ta riga ta zama jami'ar fasaha mai koyar da lantarki da injiniyanci da tattalin arziki da kwamfuta. Yau babbar cibiyar manyan kwamfutoci ta ƙasar tana cikinta. Ostrava ta sha wuya, ta rasa mutane, har yanzu rashin aiki a yankin ya fi na birnin Prag. Amma ɗan mahaƙi ya sami ƙofar da zai bi wadda ba ta ramin ubansa ba, kuma kamfanonin da suka zo daga baya sun tarar da mutanen da za su ɗauka.

Abu na biyu da Cek ta yi shi ne ta san wanda zai share bayan gida. Ƙasar ta daɗe tana haƙar uraniyom. Daga ramukan Jachymov aka samo dutsen da Marie Curie ta gano sinadarin radiyom a cikinsa a 1898, bayan yaƙin duniya na biyu kuma aka tilasta wa fursunoni haƙa domin Tarayyar Sobiyet. Ramin uraniyom na ƙarshe, na Rozna, an rufe shi a 2017. Akwai kamfanin gwamnati mai suna DIAMO da aka ɗora wa tsabtace wuraren da aka bari. A Straz pod Ralskem, inda aka yi shekaru ana zuba asid a ƙarƙashin ƙasa don narko uraniyom, an tsayar da haƙa a 1996 amma har yau ana aikin kare ruwan ƙasa, da kuɗin baitulmali, shekara bayan shekara.

Kwatanta wannan da La Oroya ta Peru, inda masana'antar narka ƙarfe ta fara aiki a 1922. Binciken ma'aikatar lafiya na 1999 ya nuna kusan duk yaran da aka auna suna da dalma a jini fiye da ƙima. Masana'antar ta tsaya a 2009, kamfani da gwamnati suka yi ta jifan juna da alhaki, sai a 2024 aka bayyana hukuncin kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka da ya ɗora wa gwamnatin Peru laifi. Yaran da aka auna a 1999 sun riga sun zama iyaye. Mu Hausawa ba baƙin wannan guba ba ne, mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Malami ya san yaron da guba ta taɓa wa ƙwaƙwalwa ba bulala ba ce za ta koya masa karatu. Lafiyar yaro ita ce jarin farko na gari.

A gefen Akokan akwai tarin dusar ma'adini kimanin tan miliyan 20 da COMINAK ta bari. Ƙungiyar Aghir in'Man ta Almoustapha Alhacen, da cibiyar CRIIRAD ta Faransa da ta zo Arlit a 2003, da Greenpeace da ta fitar da rahoto a 2010, duk sun ja hankali kan ruwan sha, da ƙura, da ƙarafan da suke fitowa daga ma'aikata su shiga kasuwa har a yi tukwane da rufin ɗaki da su. An tsara aikin rufe tarin da laka da duwatsu na tsawon shekaru. Yanzu da dangantaka da Orano ta tsinke, wa zai ƙarasa, wa zai biya, wa zai riƙa auna ruwan rijiyoyi shekara 30 masu zuwa? Iyaye suna da haƙƙin jin amsa da sunan ma'aikata da adadin kuɗi.

Wani zai ce kwatancen bai yi adalci ba, kuma yana da gaskiya har wani wuri. Cek tana maƙwabtaka da Jamus, ta shiga Tarayyar Turai a 2004, kuma tun 1774 aka wajabta karatun yara a ƙasar. Arlit tana tsakiyar hamada, ɗaruruwan kilomita daga kowace babbar kasuwa, an kafa ta ne a 1969 domin rami kawai. Ba za mu iya jawo Jamus kusa da mu ba. Shi ya sa Peru ta fi kama da mu: ƙasa mai tasowa, ramuka a wurare masu nisa, babban birni da yake cin moriya. Kuma a cikin Peru ɗin ne muka ga Moquegua ta bi hanya dabam da ta Ancash. Abin da ya raba su yana cikin abin da mu ma muke da iko a kai.

To mene ne namu? Na farko, kwamitocin COGES da ƙungiyoyin iyayen yara da na iyaye mata su mayar da kashi 15 ɗin nan abin tambaya a kowane zama: nawa ya shigo gunduma bana, nawa ne bashin baya, nawa aka sa a makaranta? Tun da aka rusa majalisun gundumomi a 2024 aka naɗa masu riƙo, babu kansilan da zai yi wannan tambaya a madadinmu. A nemi a liƙa lissafin a bangon ofishin magajin gari, inda kowa zai karanta.

Na biyu, mu sake duba abin da muke nuna wa yara a matsayin buri. Shekara da shekaru burin yaron Arlit shi ne hular kwano da katin kamfani. Muna da Makarantar Ma'adinai ta Ayar, EMAIR, a Agadez, da EMIG a Yamai, da Jami'ar Agadez da aka kafa a 2014. A matsa musu, a kuma tallafa musu, su faɗaɗa zuwa sana'o'in da za su rayu bayan uraniyom: wutar hasken rana, haƙar rijiyoyin burtsatse da gyaran famfo, kanikanci, aikin jinya, auna ruwa da iska, noman rani irin na Timia da Tabelot. Aikin tsabtace ramukan kansa zai ɗauki shekaru masu yawa, kuma babu dalilin da zai sa a ɗauko masu yinsa daga waje alhali 'ya'yan garin suna zaune. 'Yan mata ma kada a bar su a baya, domin gidan da uwa take da sana'a ba ya durƙushewa ran da uba ya rasa aiki.

Na uku, malamai su shigar da tarihin garin cikin aji. Ɗalibin kwaleji a Arlit ya kamata ya san shekarar da aka kafa garinsu, ya san farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980 ya sake faɗuwa bayan hatsarin Fukushima na 2011, ya san dalilin da ya sa ba a wasa kusa da tarin dusa kuma ba a sayen ƙarfen da ba a san asalinsa ba. Fim ɗin Amina Weira na 2016 a kan Arlit, wanda ta yi tare da mahaifinta tsohon ma'aikacin rami, ya isa darasin yini guda.

An taɓa kiran Arlit Paris ta biyu. Vorkuta ma ta taɓa zama garin da ake rububin zuwa saboda albashi, Cerro de Pasco kuma azurfarta ta yi ƙarnuka tana cika baitulmalin wasu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ramin SOMAIR bai ƙare ba tukuna, kuɗin da zai fito daga cikinsa yanzu da sunan ƙasa zai fito, kuma yaran da suke aji ɗaya a bana su ne za su zauna a garin bayan an rufe shi. Tun ran gini ran zane.