Daga Ɗakin Kwamfuta: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Mu ɗalibai 'yan Anka, Gummi da Bukkuyum mun haɗa manhajar bitar JAMB don ƙannenmu na gida, muka ɗora ta kan kwamfuta ɗaya. Ana saura kwana uku jarrabawa aka ɗauke wuta, manhajar ta tsaya cak, ƙanne suka dame mu da kira.

Malaminmu ne ya nuna mana Kubernetes, wanda Google ya fitar a 2014. Ana ƙunshe manhaja a "kwantena", a rarraba ta kan kwamfutoci da dama. In ɗaya ta mutu, sai ya tayar da aikinta a wata.

Yanzu kwamfutoci uku muka haɗa, jagorarsu tana kan sola. Ranar Asabar za mu kashe ɗaya da gangan mu gani. Mu haɗu mako mai zuwa.