Fiyano Bai Iya Hausa Ba: Laifin Wa?

Shekara da shekaru muna jin manyanmu na jami'a suna tsine wa kiɗan fiyano. Sun ce shi ya kashe kalangu, shi ya binne kukuma, shi ya raba yaran zamani da kunnen iyayensu. Mu kuwa muna ganin an ɗora wa jaki laifin taiki. Na'ura ba ta fitar da abin da ba a zuba mata ba. Tambayar da ta kamace mu ita ce: me muka zuba mata?

Mai karatu, mu dubi yaron Bahaushe da aka haifa a Mile 3 ta Fatakwal, ko a unguwannin Hausawa na Anaca da Inugu. Yana da baiwar tsara kiɗa, amma tsakaninsa da fadar Katsina ko ta Zazzau tafiyar yini ce da kwana. Ba shi da halin tara masu tambura da kakaki da algaita da farai su gwada masa abin da ya ƙago. Abin da ya mallaka shi ne kwamfuta da fiyano. Idan ya danna, sai su amsa masa da muryar Turai. In ya bi wannan murya, da wane baki za mu zarge shi?

Asalin matsalar a fili take. A 1983 kamfanonin kayan kiɗa suka amince da wata hanya da na'urori za su riƙa fahimtar juna, wadda ake kira MIDI. A 1991 aka tsayar da jerin muryoyi 128 da kowace fiyano mai bin tsarin za ta ɗauka. A cikin jerin akwai sitar da shanai na Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai kalimba. Babu kalangu, babu kotso, babu gurmi, babu kakaki. Da fiyanon Yamaha ta shigo ɗakunan kiɗa na Kano a shekarun 1990, irin na Iyan-Tama, sai makaɗan fim suka shiga lalube, suna neman muryar da ta yi kama da tamu. Waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ta karɓu ne saboda an yi dace da sautin da ya ɗan yi ƙamshin gida. Amma kama da wane ba ta wane.

Dalili kuwa, kiɗanmu magana yake yi. Mai kalangu yana matse tsarkiya da hammata, sauti ya hau, ya sassauta, sauti ya sauka, daidai da karin harshen Hausa mai hawa da sauka da faɗuwa. Da haka ake gane take da kirari ba tare da an buɗe baki ba. Ita fiyano an yanka mata sauti gida goma sha biyu daidai wa daida, daga wannan gida sai ta yi tsalle zuwa wancan. Abin da ke tsakanin gidajen, nan ne Hausa take. Mai algaita yana shaƙar iska ta hanci yana busa ba yankewa. Mai goge yana jan sauti kamar kuka. Danna maɓalli ɗaya ba ya kawo wannan.

Su ma Turawa sun sha wannan kuka. Masu koyon tsara kiɗan taron makaɗa sun daɗe suna ƙorafin cewa abin da kwamfuta ke maido musu ba shi da rai. Sai dai ba su tsaya ga tsinuwa ba. A shekara ta 2000 aka kafa Vienna Symphonic Library a birnin Biyana, aka riƙa zaunar da gwanaye ana ɗaukar kowane sauti ɗaya bayan ɗaya: da ƙarfi, a hankali, a gajarce, a tsawaice, har da yadda ake zamewa daga wani sauti zuwa wani. A 2019 kamfanin Spitfire Audio ya yi haka da ƙungiyar makaɗan BBC. A 2022 manhajar MuseScore ta fito da sabbin muryoyi kyauta ga kowa. Yau ɗalibin da bai taɓa shiga zauren kiɗa ba yana iya jin abin da ya rubuta kusan yadda mutane za su kaɗa shi.

Kada a ce wannan sai Bature. Maƙwabtan yaran namu a kudu sun shigar da ogene da oja cikin kiɗan zamani. Ojapiano ta Kcee a 2023 shaida ce. Mu kuma muna zaune muna kirga mamata. Shata ya tafi a 1999, Ɗanmaraya Jos ya bi shi a 2015. Faifansu yana nan, amma faifai ba ya ba mai koyo damar ɗauko bugu ɗaya ya gina nasa. Tun 1971 Ames da King suka tattara sunayen kayan kiɗanmu a littafi. Sunaye muna da su, kundayen digiri sun cika kantoci, sautin ne ba mu taskace ta yadda za a yi aiki da shi ba.

Saboda haka muna kira ga sassan Hausa na jami'o'inmu da su haɗa kai da sassan kwamfuta. A gayyato makaɗan fada da na jama'a, a biya su haƙƙinsu, a rubuta sunayensu a kan aikin. A ɗauki kowane bugu na kalangu da kowace matsa, kowane numfashi na algaita, kowane ja na goge. A tsara su yadda mai danna fiyano zai iya hawa da sauka da sauti, sannan a sake su kyauta ga masu koyo.

Masu cewa yin haka zai kori makaɗa daga sana'a, su duba da kyau: an riga an kore su, kuma da muryar baƙi aka yi. Yaron da ya saba jin kotso a kwamfutarsa a Diobu shi ne zai nemi mai kotso ran da ya sami hali. Wanda bai taɓa jin sa ba, me zai nema? Ba a fafe gora ranar tafiya, ga shi kuwa tsofaffin da suka san hannun nan suna ta tafiya.